Wai An Gano Sirrin Ciwon Kumburin Hanji? Fashin Baƙi Kan Binciken Da Ke Bin Ƙwayoyin Hanji Ɗaya Bayan Ɗaya

Wai da gaske ne masana sun gano abin da ke haddasa ciwon kumburin hanji, kuma magani na nan tafe? Tambayar kenan da ke yawo duk sanda aka turo labarin nan a guruf na WhatsApp cewa Turawa sun yi taswirar hanjin ɗan Adam ƙwaya bayan ƙwaya, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da aka gina jiki da su. Wasu sun ɗauka maganin basir aka samo, wasu sun ce ai olsa ce, kuma ba zan yi mamaki ba in gobe mai tallan magani da lasifika a Tudun Wada ya cusa labarin cikin tallarsa. Gajeriyar amsa dai a'a, ba a samo maganin da ke warkar da ciwon ba. Abin da aka samo shi ne dalilin da ya sa mutum biyu masu ciwo mai suna ɗaya, a ba su allura iri ɗaya mai shegen tsada, ɗaya ya miƙe ɗaya kuwa ko gezau. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma sai mun bi shi daki-daki kafin a ga inda ya shafe mu.

Wane ciwo ake magana a kai?

Ba basir ba ne, ba gyambon ciki ba ne, ba kuma atunin da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa ba. Likitoci na kiransa IBD, taƙaitaccen sunan ciwon kumburin hanji da Turanci, kuma cuta biyu ce aka haɗa a inuwa ɗaya. Ta farko ita ce kolaitis mai gyambo, wadda ke farawa daga ƙarshen hanji kusa da dubura ta yi sama a jere ba tsallake, babban hanji kawai take ci, kuma fatar ciki take ɗayewa. Wani likita a Landan mai suna Samuel Wilks ne ya bayyana ta tun 1859. Ta biyu ita ce cutar Crohn, sunan Burrill Crohn ne, likita a asibitin Mount Sinai da ke New York wanda shi da abokan aikinsa biyu suka wallafa bayaninta a 1932. Ita wannan ba ta da wurin zama, ko'ina daga baki har dubura tana iya kamawa, ta ci nan ta tsallake can, ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, kuma tana ratsa kaurin bangon hanjin gaba ɗaya har ta toshe shi ko ta huda hanya ta ɓulle ta gefen dubura tana ɗigar da mugunya. To kun ga wannan na ƙarshen a wajenmu sunansa basir mai tsiro ko wani abu makamancin haka, a yi ta jiƙe-jiƙe da zama cikin ruwan zafi shekara da shekaru.

Alamomin su ne gudawa ta makonni ko watanni, sau da yawa da jini da majina, murɗar ciki, rama, ƙarancin jini, kasala, wani lokacin har ciwon gaɓɓai da jan ido da gyambon baki. Ciwon yana lafawa mutum ya ce ya warke, sai ya sake tasowa. Ya fi kama matasa, daga shekara 15 zuwa 35, lokacin da mutum ke tsakiyar karatu ko neman na kansa. Ba a ɗaukarsa daga wani. Ƙiyasin da aka yi na shekarar 2017 ya ce mutum wajen miliyan 6.8 ke ɗauke da shi a duniya, ya fi yawa a Turai da Arewacin Amurka in aka kwatanta da yawan jama'arsu, sai dai yana ƙaruwa a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka yayin da birane ke girma abinci ke canzawa.

Me ke faruwa a cikin hanjin?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda a ajin kimiyya ake kira sel, sun haura tiriliyan 30. Fatar da ta lulluɓe cikin hanji kaurinta sel ɗaya ne tak, kuma duk bayan kwana 3 zuwa 5 ake sabunta ta. A gefe ɗaya na wannan siririyar fatar akwai abinci da tiriliyoyin bakteriya da ke zaune lafiya da mu suna taya mu narka abinci, a ɗaya gefen kuma ƙwayoyin garkuwar jiki ne jibge, don hanji na cikin wuraren da suka fi taruwa a jiki. Aikinsu mai wuya ne: su kashe taifot da kwalara in sun shigo, amma su ƙyale tuwo da miyar kuka da bakteriyar gida. A mai IBD wannan rarrabewar ce ta lalace, garkuwar ta tashi faɗa ta ƙi tsayawa, ta riƙa cin hanjin mai ita.

Me ya lalata ta? Ba abu ɗaya ba ne. Akwai gado, a 2001 aka gano ƙwayar gado ta farko mai suna NOD2 da ke da hannu a cutar Crohn, yanzu wuraren da aka gano a cikin gadon mutum sun haura 200, amma ba wanda shi kaɗai ke kawo ciwon. Akwai canjin bakteriyar hanji, akwai yawan shan antibayotik tun ƙuruciya da ake zargi, akwai taba sigari wadda ke ƙara wa cutar Crohn muni. Har an taɓa tunanin rashin tsutsar ciki ne ya sa garkuwar Turawa ta rasa abokin faɗa, aka gwada shayar da marasa lafiya ƙwan wata tsutsar alade, manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su nuna amfani ba. Na kawo wannan ne don kar wani ya ce tsutsar cikinsa rigakafi ce.

Yadda ake binciken da, da yadda ake yi yanzu

In likita ya zura kyamara ta dubura, wato kolonoskofi, yana gutsuro 'yar tsoka kamar ƙwayar shinkafa daga bangon hanji. A tsohuwar hanya sai a niƙe ta gaba ɗaya a auna abin da ke ciki. Kamar ka kai tumatir da tattasai da attaruhu da albasa wajen mai injin markaɗe ne, in ya miƙo maka robar za ka ɗanɗana ka ce akwai yaji, amma ba za ka iya cewa attaruhu guda nawa aka sa ba, ko kuwa guda biyu ne kacal masu bala'in zafi suka mamaye komai. Haka masana suka daɗe suna cewa sinadari kaza ya yi yawa a hanjin mara lafiya, amma wace ƙwaya ce ke fitar da shi, guda nawa ne, da wa take magana, babu amsa.

Sabuwar hanyar ba ta niƙawa. Ana jiƙa tsokar a wani sinadari da ke kwance ƙwayoyin su rabu da juna da ransu, sai a tura su cikin wata na'ura da ke kulle kowace ƙwaya ita kaɗai a cikin ɗigon ruwa ƙanƙani da mai ya kewaye, tare da wani ɗan dutse mai lamba ta musamman. Ƙwayar ta fashe a ciki, saƙonnin da take aikawa daga gadonta, waɗanda ake kira RNA, su manne da lambar. Daga nan ko an haɗe su duka an karanta, kwamfuta ta san wane saƙo daga wace ƙwaya ya fito. Dalilin da ya sa wannan ke da amfani shi ne kusan kowace ƙwaya a jikinka tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, wajen 20,000, bambancin kawai waɗanne ta kunna waɗanne ta kashe. In ka san abin da ta kunna ka san ko ita wace ce da kuma abin da take aikatawa a wannan lokacin.

A 2009 aka fara karanta ƙwaya ɗaya ta wannan hanya, a Jami'ar Cambridge ta Ingila. A 2015 dabarar ɗigon ta fito daga Harvard, aka tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubbai a zama ɗaya, kamfanoni irin su 10x Genomics suka mayar da ita injin sayarwa. A 2016 kuma Aviv Regev da Sarah Teichmann suka jagoranci kafa shirin Human Cell Atlas, wanda burinsa shi ne a lissafa kowane irin ƙwaya da ke jikin ɗan Adam. Taswirar da ake ta yayatawa daga nan ta samo asali.

To me aka gani?

Shekarar 2019 ce ta fi kawo abin kamawa. Masana a cibiyar Broad da ke Amurka sun karanta ƙwayoyi 366,650 daga babban hanjin mutum 18 masu kolaitis da mutum 12 masu lafiya, suka raba su gida 51. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne ba ƙwayoyin garkuwa kaɗai ke da laifi ba. Akwai wasu ƙwayoyi da ake kira faibirobilas, waɗanda da ake ɗauka aikinsu kawai riƙe tsoka da ɗinke rauni, sai aka ga wani nau'insu a hanjin mara lafiya ya rikiɗe yana rura wutar kumburi da kansa, yana kiran ƙwayoyin garkuwa su zo su ƙara. Aka kuma ga su da wasu ƙwayoyin garkuwa da ke fitowa daga jini suna magana ta wani sinadari mai suna Oncostatin M, wanda tun 2017 masana a Oxford suka nuna cewa in ya yi yawa a hanjin mutum, akwai yiwuwar allurar da ake ji da ita ba za ta yi masa aiki ba.

A nan ya kamata in tsaya kan allurar. Akwai sinadarin kumburi mai suna TNF, kuma a 1998 Amurka ta amince da infliximab, magani da ake sawa a ƙarin ruwa yana toshe shi, daga baya adalimumab ya zo wanda allura ce a ƙarƙashin fata. Sun canza rayuwar mutane da dama, waɗanda da sai tiyata. Amma wajen mutum ɗaya cikin uku ba ya jin su tun daga farko, wasu kuma su ji na ɗan lokaci maganin ya daina aiki, kuma likita ba shi da hanyar sanin waye waye sai ya gwada, watanni na tafiya hanji na ci gaba da lalacewa kuɗi na ƙonewa.

A dai 2019 ɗin, a asibitin Mount Sinai, can inda Crohn ya yi aiki, aka duba ƙaramin hanjin da aka yanke wa masu cutar Crohn a tiyata. Sai aka ga a wasu marasa lafiyar, ba duka ba, akwai wata tawaga da ke tafiya tare: ƙwayoyi masu yin wani sinadarin kariya mai suna IgG, da makrofaj masu haɗiye ƙwayar cuta da suka fusata, da ƙwayoyin garkuwa da ake kira T da aka tayar, da su faibirobilas ɗin nan. Suka sa wa tawagar suna GIMATS, suka kuma duba wasu marasa lafiyar daban suka ga waɗanda ke da alamar tawagar tun ranar da aka gano ciwonsu sun fi kasa samun sauƙi mai ɗorewa da maganin TNF. A ganina wannan shi ne zuciyar maganar duka. Sunan ciwon ɗaya ne a katin asibiti, a kyamara ma kamarsu ɗaya, amma a ƙasa hanyoyin da wutar ke bi daban-daban ne, in ka toshe TNF a mutumin da wutarsa ta riga ta samu wata hanyar ka yi aikin banza.

Wasu binciken sun dubi fatar hanjin ita kanta, a Oxford aka ga ƙwayoyin da ke yin majinar da ke kare bangon hanji sun rage fitar da wani sinadarin kariya a masu kolaitis, kenan katangar ma ta yi rauni. A Nuwamban 2024 kuma cibiyar Sanger ta Birtaniya da abokan aikinta suka haɗe bincike 25 wuri ɗaya suka fitar da taswira mai ƙwayoyi miliyan 1.6, daga baki har ƙarshen hanji, a ciki suka ga ƙwayoyin ƙaramin hanji da wajen ƙoƙarin warkar da rauni suka koma kama da na tumbi, kuma a wannan sabuwar kamar suna janyo ƙwayoyin garkuwa su dawwamar da kumburin.

Masu zumuɗi da masu cewa a bi a hankali

Masu zumuɗi na cewa nan gaba za a gutsuri tsoka a duba a ce wa mutum kai maganin TNF ba naka ba ne, je ka kan vedolizumab ko ustekinumab, waɗanda ke bin wasu hanyoyin daban, ba tare da ɓata shekara ana gwaji a jikinsa ba. Suna kuma cewa za a samu sababbin wuraren da magani zai nufa, tunda yanzu an san faibirobilas ma abin nema ne. Ina ganin suna da gaskiya a kan alkiblar.

Amma da sauran rina a kaba. Na farko mutanen da ake bincika kaɗan ne, dubban ɗaruruwan ƙwayoyi daga mutum 30 har yanzu mutum 30 ne, kuma kanun labarai sun fi son ambaton adadin ƙwayoyin saboda shi ke da sifili da yawa. Sannan wajen raba ƙwayoyin wasu na mutuwa, musamman ƙwayoyin garkuwa da ake kira niyutirofil, waɗanda su ne kan gaba a gyambon kolaitis amma ba sa jure wahalar, sai taswirar ta fito kamar ba su da yawa. Waɗanda suka rayu kuma wahalar rabawar na sa su kunna wasu saƙonnin da ba su kunna ba a cikin jiki. An kuma rasa sanin wa ke zaune kusa da wa, shi ya sa yanzu ake ƙara wata dabarar da ke karanta tsokar a yadda take ba a wargaza ta ba. Babbar matsalar dai ita ce ganin ƙwaya a wurin da ake kumburi bai nuna ita ta tayar da shi ba, wata ƙila gyara ta zo yi. An taɓa cin wannan tuntuɓen: sinadarin IL-17 ya yi yawa a hanjin masu cutar Crohn, aka gwada maganin da ke toshe shi, secukinumab, wanda ke aiki sosai a wata cutar fata, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna bai taimaka ba, wasu ma ciwonsu ƙaruwa ya yi. Saboda haka har yau wannan binciken na ɗakin gwaji ne, ba gwajin da likita ke rubuta wa mara lafiya ba ne, ko a Landan.

Mu a Zariya ina ya shafe mu?

Ta hanya biyu, kuma ta farkon ba daɗin ji. Hanjin da aka yi taswirar nan da su akasari na mutanen Turai da Amurka ne. Mun riga mun san canje-canjen NOD2 da ke da ƙarfi a Turawa ba kasafai ake samunsu a baƙar fatar Afirka ko mutanen gabashin Asiya ba, kuma hanjin da ya tashi da gero da dawa da daddawa da nono, ya sha fama da tsutsa da atuni tun yarinta, ba dole garkuwarsa ta yi kama da ta mutumin Boston ba. In aka gina gwaji a kan taswirarsu aka kawo mana, ba tabbas zai faɗi gaskiya a kanmu. Masu ilimin ba su muka rasa ba, ABU na da masana kimiyyar ƙwayoyin halitta, asibitin koyarwa na Shika na da likitocin ciki da masu duba tsoka. Abin da aikin ke buƙata shi ne tsokar ta isa inji da ranta cikin ɗan lokaci ko a adana ta a sanyi mai tsanani, da sinadaran da ake saye da dala, da wutar da ba ta ɗaukewa, kun kuwa san yadda muke da wuta.

Ta biyun ita ce tun kafin a kai ga wane magani zai yi wa wa, mu matsalarmu a gano ciwon ma tukuna. An daɗe ana cewa IBD ciwon Turawa ne, to wanda ba a nema ba ai ba za a gan shi ba. Matashi zai yi wata shida yana kashin jini, ya je kemis a ba shi Flagyl da cipro, ya lafa ya dawo, a ce basir ne a koma na gargajiya, a ce sammu ne, sai ya rame ya zama ƙashi da rai kafin wani ya ce a zura kyamara. Su ma likitocin ba laifinsu ba ne kacokan, domin a nan akwai cututtukan da ke sa rigar IBD sak. Atunin amiba na kama da kolaitis, tsargiyar hanji ma haka, tarin fuka na hanji kuwa yana kama wuri ɗaya da cutar Crohn, ƙarshen ƙaramin hanji, har a madubin duba tsoka suna rikita ƙwararru.

Kuskure a nan kisa ne, shi ya sa nake jan hankali. Da yawa daga magungunan IBD danne garkuwar jiki suke yi. In aka ba mai amiba prednisolone a zaton kolaitis ce hanjinsa na iya hujewa. In aka ba mai tarin fuka maganin TNF cutar na iya bazuwa jiki duka, don TNF ɗin nan da ake toshewa shi ne ke tsare ƙwayar tarin a kulle a jikin mutanen da ke ɗauke da ita ba su sani ba, Najeriya kuwa na sahun gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. To kun ga a wajenmu gwajin da zai ce wannan allurar ba za ta yi maka aiki ba ya ma fi amfani fiye da a Turai, domin mu bayan asarar kuɗin da ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci akwai kasadar tayar da tarin da ke kwance. Kuma in da za a tambaye ni wane bincike irin wannan ya fi cancanta a yi da hanjin mutanenmu, zan ce wanda zai kwatanta ƙwayoyin garkuwa a tarin fuka na hanji da na cutar Crohn, a fitar da wata alama mai arha da za ta raba su. Muna da cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye nan kusa da mu, ga Shika, marasa lafiyar ba sai an je neman su wani gari ba.

Kafin nan, wanda gudawarsa ta wuce wata guda, ko yake ganin jini gauraye da bayan gida, ko gudawa ke tashinsa cikin dare, ko yana ramewa ba dalili, dan Allah ya wuce kemis ya je asibiti ya nemi ganin likitan ciki. Za a duba bayan gida a kawar da amiba da tsutsa, a auna jini, akwai gwajin bayan gida mai suna kalfurotektin da ke nuna ko hanji na kumbure, sannan kyamara da gutsuro tsoka. Ya guji diclofenac da ibuprofen don suna iya tayar da ciwon, kada kuma ya sayi prednisolone da kansa don ya ji wani ya sha ya samu sauƙi. In an tabbatar IBD ce, ba kowa ke buƙatar allurar miliyoyi ba, masu kolaitis da yawa na zaune lafiya da sulfasalazine ko mesalazine, wasu da azathioprine, matuƙar ba su ajiye maganin ba ranar da suka ji dama. Wanda kuma kolaitis ɗinsa ta kai shekara 8 zuwa 10 ana so ya riƙa komawa ana duba hanjin da kyamara lokaci-lokaci ko ba ya jin komai, saboda daɗewar kumburin na ƙara haɗarin sankarar hanji.